Darasi na 9: Daga Yamai Zuwa Doso a Kan Keke

Tsakanin Yamai da Doso akwai kilomita kusan 140. Mai keke da ke yin kilomita 20 a kowace awa zai shafe awa 7 a kan sirdi kafin ya isa, ban da tsayawar salla da cin abinci. Mutum mai lafiya zai iya wannan tafiya, ko da furfura ta fara fito masa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Jiki yana son wata huɗu na shiri, kuma shirin ya fi tafiya daidai idan an haɗu ana fita tare sau ɗaya kowane mako.

Wanda yake da hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko amosanin jini, ya fara ganin likita kafin ya shiga.

Me ya sa ake fita tare?

Wanda ya yi wa kansa alkawarin tashi da asuba, sanyin hunturu zai iya maida shi cikin bargo. Wanda ya san mutum goma suna jiransa a bakin titi, kunya ma za ta tashe shi. Wannan amfani na farko ke nan.

Na biyu shi ne iska. A miƙaƙƙiyar hanya, iska ce take cinye yawancin ƙarfin mai keke. Idan ka bi bayan ɗan'uwanka kusa da kusa, shi ne yake tare maka ita. Lokacin da ake gudu sosai, na baya zai iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da na gaba yake kashewa. Shi ya sa a manyan gasanni, irin zagayen Faransa da aka fara a 1903, ko zagayen Burkina Faso da aka fara a 1987, za ka ga mahaya a dunƙule wuri ɗaya. A 2024 Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, ya ci zango uku a zagayen Faransa. Abokan ƙungiyarsa ne suke tare masa iska tsawon yini, sai an kusa ƙarshe ya fito da ƙarfin da ya adana.

Gudun hira

Nan ne yawancin sababbin mahaya suke ɓata shirinsu, don haka mu tsaya a kansa.

Ga abin da ake gani kusan kowace Lahadi a hanyar Kollo. An tashi bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Wani saurayi mai sabon keke ya ga tafiyar ta yi masa sanyi. Ya juyo wajen dattijon da ke jagora ya ce, "Baba, ku ƙara wuta mana, rana za ta same mu."

Dattijo ya ce, "Ɗana, koma layi. Akwai dawowa."

Saurayi bai ji ba, ya taka ya ɓace. Da hantsi, a kan hanyar dawowa, sai ga shi zaune gindin bedi, keke a kwance, gorar ruwa babu ko ɗigo, cinya tana rawa. Mutanen da ya bari a baya suka tsaya, aka ba shi ruwa da dabino, aka sa shi a tsakiyar jeri har gida.

Ƙarfin saurayin nan bai gaza na kowa ba. Ya ƙone shi ne da wuri. Jiki yana ajiye wani irin sukari a cikin tsoka da hanta. Idan ana gudu mai tsanani, wannan ajiya tana ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Idan kuwa ana tafiya a hankali, jiki yana haɗawa da kitse, shi kuma kitse ba ya saurin ƙarewa. Yawan tafiya a hankali yana koya wa jiki amfani da kitse, yana ƙara wa zuciya ƙarfi, yana kuma ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka. Waɗannan abubuwa ba sa samuwa cikin kwana uku. A hankali suke ginuwa, mako bayan mako.

To, yaya za ka gane kana gudun da ya dace? Ba ka bukatar wata na'ura. Yi wa na kusa da kai magana. Idan za ka iya ba shi labarin kasuwa ba tare da numfashinka ya tsinke ba, kana daidai. Idan sai kalma ɗaya-ɗaya take fita, ka wuce gona da iri, ka sassauta. Yawancin tafiyar Lahadi da wannan gudu ake yin ta.

Wani abin kuma, kada ka sa giya mai nauyi kana danna feda kamar mai daka. Sa mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya. Gwiwa ba za ta yi ciwo ba.

Tsarin makonni

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, daga watan Oktoba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, doguwar tafiya a lokacin kasada ce.

A fara da kilomita 30, wato 15 zuwa, 15 dawowa. Kowane mako a ƙara kilomita 5 zuwa 10 a kan tafiya mafi tsawo da aka riga aka yi, kada a wuce haka. Idan an yi mako uku ana ƙari, mako na huɗu a rage. Ga misalin tafiyar kowace Lahadi:

Wata na 1: kilomita 30, 35, 40, sai a koma 30.
Wata na 2: kilomita 45, 50, 60, sai a koma 40.
Wata na 3: kilomita 65, 70, 80, sai a koma 50.
Wata na 4: kilomita 90, 100, sai 60, sannan ranar tafiya.

Wasu suna ganin makon ragi lalaci ne. Ba haka ba ne. Lokacin hawa, tsoka tana gajiya ne kawai. Lokacin hutu da barci take gyaruwa ta ƙara ƙarfi. Wanda ya ƙi hutawa zai ga ƙafarsa tana ƙara nauyi maimakon ta yi sauƙi.

Kollo tana da nisan kilomita kusan 35 daga Yamai, don haka zuwa da dawowa ya yi daidai da tafiyar wata na uku. Ba dole ba ne a yi kilomita 140 cif kafin ranar. Wanda ya yi 100 ya sauka da sauran ƙarfi, zai kai Doso.

Lahadi kaɗai ba ta isa ba. A tsakiyar mako kowa ya hau nasa sau biyu, na minti 45 ko awa ɗaya. Mai zuwa wurin aiki ko kasuwa a kan keke ya riga ya sami wannan. Idan azumi ya faɗo cikin shirin, a ajiye doguwar tafiya, a riƙa ɗan zagaye kaɗan dab da shan ruwa.

Yadda ake jeri a titi

A bi hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Hanyar Doso ita ce babbar hanyar ƙasa mai zuwa Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, manyan motocin kaya da bas-bas ba sa yankewa a kanta. Idan babbar mota ta wuce, iskarta tana jan keke, sai a riƙe kan keke da hannu biyu.

Sabon mahayi ya bar tazarar tsawon keke ɗaya tsakaninsa da na gaba. Idan hannu ya faɗa, a rage tazarar. Amma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan ɗan'uwanka. Da ya ɗan kauce, kai ne a ƙasa. Kada kuma ka danne birki ba zato, akwai mutane a bayanka.

Na gaba shi ne idon kowa. Idan ya ga rami, ya nuna da hannu ya ce "Rami!" Haka zai yi idan ya ga yashi ya hau kwalta, ko amalanken jaki, ko garken awaki. Na bayansa ya isar da maganar har ƙarshen layi. Na ƙarshe kuma shi ne mai cewa "Mota!" idan tana tahowa ta baya. Bayan minti biyu ko uku na gaba ya duba baya, ya kauce, ya gangara ƙarshen layi, wani ya karɓa. Wanda ya gaji ba sai ya ja ba, babu abin kunya a ciki.

A sa mutum mai ƙarfi da haƙuri a can baya, tare da famfo da kayan faci. Ba a barin kowa shi kaɗai a daji. Idan tayar mutum ɗaya ta fashe, duka a tsaya. Ƙungiyar da take zubar da raunananta a hanya, nan da wata biyu za ta koma mutum uku.

Iskar hunturu tana tahowa daga arewa maso gabas. In da hali, a fita ana fuskantarta tun da sauran ƙarfi, a dawo tana tura ku.

Kafin a fita bayan gari, jagora ya tambayi jami'an tsaro halin da hanyar take ciki. Kowa ya ɗauki takardar shaidarsa, ya kuma faɗa wa mutanen gida inda za shi da lokacin dawowa.

Ruwa da guzuri

Kada ka jira ƙishirwa. Kurɓa kaɗan kowane minti 15. A awa ɗaya mai keke yana bukatar rabin lita zuwa lita ɗaya, gwargwadon zafi. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, lissafin ba wuya. Zufa tana fita da gishiri, shi ya sa ake ganin farin zane a rigar mahayi idan ta bushe. Ka haɗa gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Duba fitsarinka. Idan ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ruwa bai ishe ka ba.

Kafin fita a sha kunu ko koko da burodi. A hanya, bayan awa ta farko, a riƙa cin ɗan abu kowane rabin awa: dabino uku ko huɗu, ko ayaba. Kilishi da tsire su jira sai an sauka. Bayan an dawo, fura da nono ko shinkafa da wake suna maida abin da jiki ya rasa.

Idan ɗan'uwa ya fara kukan ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a kai shi inuwa nan take. Idan maganarsa ta fara rikicewa, zafi ya buge shi, kuma abin yana kisa. A rage masa tufafi, a zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Akwai masu cewa ƙwayar tramol tana sa a yi tafiya ba gajiya. Gajiyar tana nan, ƙwayar tana rufe ta ne kawai. Tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana jawo farfaɗiya, kuma tana kama mutum ya kasa bari. Mai jiri a tsakiyar jeri zai kayar da mutum biyar. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana ta a gasa tun 2019. Duk wanda ya zo da ita, a maida shi gida da magana mai daɗi, a kuma taimake shi ya ga likita.

Keke

Ba sai mai tsada ba. Abin da ake so shi ne birki mai kamawa, taya mai iska, da sarƙa mai ɗan mai. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa, a goge ta da tsumma bayan kowace fita. Gyara tsayin sirdi haka: zauna, ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne yake kawo ciwon gwiwa. Idan za a huta a gefen hanya a ɗaga keke a hannu, don tsidau ba ya raga wa taya. Hular kwano kuwa dole ce, a ɗaure igiyarta a haɓa.

Ranar tafiya kada a gwada sabon abu. Sirdin da aka saba da shi, takalmin da aka saba da shi, abincin da ciki ya sani. A tashi da asuba, a riƙe gudun hira har a wuce Birnin Gaure, inda hanya take ratsa kwarin Dallol Boso. Daga nan saura kaɗan.

Aikin aji

1. Mai keke yana yin kilomita 20 a awa ɗaya. Awa nawa zai yi a tafiyar kilomita 100?
2. Idan yana shan ledar ruwa 2 kowace awa, leda nawa zai sha daga Yamai zuwa Doso? Lita nawa ke nan?
3. Tara kilomitocin Lahadi huɗu na wata na 2.
4. Ku tattauna: me ƙungiya za ta yi idan mutum ɗaya kullum shi ne yake zama baya?
5. Ja layi huɗu a littafinka. Rubuta a samansu: kwanan wata, inda aka je, kilomita, yadda jiki ya ji. Cika su duka bayan fitar wannan Lahadi, ka zo da littafin aji mu karanta tare.