Yadda ake ɗanɗana gahawa a ba ta maki, ga mai neman takardar shaida a Saudiyya

Duk wanda ya zauna a Jidda ko Riyad a 'yan shekarun nan ya ga yadda shagunan gahawa da wuraren suyarta suka yawaita, kuma matasanmu Hausawa da dama, waɗanda aka haifa a nan da waɗanda karatu ko neman abinci ya kawo su, suna tsaye a waɗannan shaguna suna haɗa wa mutane. Hukuma ma ta ɗauki al'amarin da muhimmanci, domin an sanya wa 2022 suna Shekarar Gahawar Saudiyya, kuma a ƙarshen shekarar UNESCO ta shigar da ilimin noman gahawar Khaulani, wadda ake nomawa a duwatsun Jazan, cikin jerin al'adun gado na duniya. Sai dai mai haɗa gahawa daban, mai tantance ta daban. Mai tantancewa shi ne wanda ake ajiye wa kofuna a gaba ba tare da an gaya masa daga ina aka kawo ƙwayar ba, ya shinshina, ya kurɓa, ya rubuta maki, kuma a kan wannan makin ne ɗan kasuwa zai tsayar da farashin buhu. Takardar shaidar da aka fi sani a wannan fanni ita ce Q Grader, wadda cibiyar kula da ingancin gahawa ta CQI ta daɗe tana bayarwa kafin ƙungiyar masu harkar gahawa ta musamman, wato SCA, ta karɓi ragamarta a 2025, kuma bayanin da ke tafe na wanda yake shirin zama wannan jarrabawa ne, ko wadda ta yi kama da ita.

Abu na farko da ɗalibi zai yi haƙuri da shi shi ne ajiye gahawar da ya saba sha. Gahawar majalisi, wadda ake soya ta sama-sama har ta tsaya a ruwan ɗorawa, a dafa ta da hel da kanumfari da za'afaran, a zuba a finjali a miƙa da dabino, tana da nata matsayi, haka ma jabanar 'yan'uwanmu na Sudan mai citta. Amma kayan ƙamshi suna rufe aibin ƙwaya kamar yadda yaji yake rufe aibin nama. A teburin tantancewa babu sukari, babu madara, babu hel. Gari ne da ruwa kawai.

Shi ya sa awo yake da tsauri. Ana auna giram 8.25 na ƙwaya ga kowane mililita 150 na ruwa, kuma kowane samfuri kofi biyar ake yi masa, a auna ƙwayar kowane kofi daban, a niƙa ta daban. Hikimar wannan ita ce, idan akwai ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya, za ta faɗa a kofi ɗaya ta tona kanta, alhali da an niƙa duka wuri guda da ta ɓace a cikin sauran. Suyar samfuri ba ta kai ta shago duhu ba, ana yin ta cikin sa'o'i 24 kafin zama, a bar ta ta huta aƙalla sa'o'i 8, kuma bai kamata gari ya wuce minti 15 da niƙa ba a zuba masa ruwa ba. Ruwan kuwa a bar shi ya sauka daga tafasa zuwa wajen digiri 93. A nan ƙasar sai an kula da ruwa fiye da yadda ake zato, saboda mafi yawan ruwan famfo na Jidda daga teku aka tace shi, sannan ya kwana a tankin gida. Ruwan da ake so shi ne marar wari, wanda ma'adinansa suke wajen miligiram 150 a lita, kuma ana iya duba wannan adadi a jikin robar ruwan sayarwa. Wanda ya sauya ruwa tsakanin zaman yau da na gobe, ya sani ba gahawa ɗaya ya ɗanɗana ba, ko da buhun ɗaya ne.

Kafin a taɓa buta, sai a fara da hanci. A ɗan girgiza kofin, a sunkuya a shinshina busasshen garin, a rubuta abin da aka ji nan take. Daga nan a zuba ruwa har bakin kofi, a tabbatar ya jiƙa garin gaba ɗaya, a kunna agogo. Garin zai taso ya rufe saman kofin kamar murfi, kuma ba a taɓa shi sai bayan kimanin minti huɗu. Idan lokaci ya yi, a kawo hanci dab da kofin, a tura murfin baya da gadon cokali sau uku, domin a wannan 'yar daƙiƙa ce ƙamshin da ya taru a ƙarƙashi yake tashi gaba ɗaya, kuma ba ya dawowa. Sai a kwashe kumfa da sauran garin da cokali biyu, a ɗauraye cokalin a ruwan zafi kafin a shiga kofi na gaba.

Hanci ne rabin aikin, saboda haka dole a tsare shi. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na wuce kai tsaye ɗakin gwaji, rigata tana ɗauke da hayaƙin turaren wuta, wuyan hannuna kuma da ɗigon ud. Ban kai ga ɗaukar cokali ba wani dattijo, mutumin Kano da ya shekara talatin a harkar suya, ya matso kusa da ni ya ce da murya ƙasa-ƙasa: "Ɗana, yau kofuna goma sha biyar duk ƙamshinka za su yi. Je ka sauya riga, mu jira ka." Na ce, "To, Baba," na fita. Tun daga ranar nake ajiye riga guda wadda turare ba ya taɓa ta. Goro ma haka yake, da taba, da miya mai barkono, da man goge baki mai na'ana'a. Duk a nisance su na wasu sa'o'i kafin zama.

Ana fara kurɓa ne idan gahawar ta huce zuwa wajen digiri 70, wato bayan minti takwas zuwa goma da zuba ruwa. A nan ne tarbiyyar gida take ɗan yi wa ɗalibi tarnaƙi, domin an hore mu tun muna yara kada mu sha abu da ƙara, alhali aikin yana bukatar a zuƙe abin da ke cikin cokali da ƙarfi har ya fantsama a dasashi da ganɗa, ƙamshinsa ya hau ta bayan hanci. A riƙe shi a baki kaɗan, sannan a tofar a kofin da aka tanada, saboda wanda ya haɗiye kurɓi ɗari ba zai kai ƙarshen zama da natsuwarsa ba. Ana zagaya tebur sau uku ko fiye: da zafinta, da ɗuminta, da kuma lokacin da ta kusa hucewa. Zafi yana ɓoye abubuwa da yawa. Na sha ganin gahawar da ta burge kowa a zagayen farko, amma da ta huce sai bauri ya fito, ya ɗaure harshe kamar an tauna ɗanyar ayaba, na kuma ga wadda ta yi shiru da farko, sai a ƙarshe zaƙinta ya buɗe. Wanda ya yi gaggawar rubuta makinsa na ƙarshe a zagayen farko zai goge shi.

Yanzu sai babbar matsala, wato sunan da za a ba abin da aka ji. Taswirar ɗanɗano ta SCA, wato jadawalin sunayen ƙamshi da ɗanɗanon gahawa da aka sabunta a 2016, cike take da 'ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi waɗanda yawancinmu ba mu taɓa sa su a baki ba, kuma akwatin Le Nez du Café mai kwalabe 36, wanda ake horar da hanci da shi, daga Faransa ya fito. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya haddace waɗannan sunaye ya riƙa rubuta su don ya ji malami ya faɗa, ba don harshensa ya shaida ba. Shawarata ita ce a fara da abin da baki ya sani. Hausa ba ta da talauci a wannan fage: muna da tsami, da bauri, da ɗaci, da garɗi, da gafi irin na ɗanyen wake, da ƙauri na abin da ya ƙone, da lami na abin da ba shi da ɗanɗano, kuma kowanne yana nuna wani abu takamaimai a cikin kofi. Gafi yakan nuna suyar da ba ta shiga cikin ƙwaya ba, ƙauri ya nuna wuta ta yi yawa, bauri kuma sau da yawa daga 'ya'yan da aka tsinke ba su nuna ba yake zuwa. Tsami ma ba iri ɗaya ba ne. Tsamin lemon tsami mai kaifi ne, yana zuwa da sauri ya wuce. Na tsamiya yana da nauyi da ɗan zaƙi a bayansa. Na zoborodo yana tafe da ɗan bauri. Na kindirmo mai laushi ne. Na fura da ta kwana kuwa alama ce ta cewa an bar 'ya'yan sun wuce ƙa'ida wajen jiƙo ko shanya. Gahawar Yirgacefe ta Habasha da aka wanke takan zo da ƙamshin fure da tsamin lemo, ta Harar ko ta Yaman da aka shanya da ɓawonta takan zo da zaƙin busassun 'ya'yan itace, kamar dabino ko zabibi, ta Burazil kuma da garɗin soyayyiyar gyaɗa da ƙarancin tsami. A buɗe littafi mai shafi biyu: a gefe ɗaya a rubuta kalmar gida, a ɗaya gefen a rubuta takwararta a taswira, sannan a je kasuwa a sayi 'ya'yan itacen da ba a sani ba a ci da niyyar karatu. A hankali gefen biyu za su haɗu, kuma kalmar da aka rubuta a jarrabawa za ta zama tana da tushe a baki.

Tsohuwar takardar maki, wadda har yanzu 'yan kasuwa da yawa suke magana da harshenta, tana da gurabe goma da suka haɗa da ƙamshi, ɗanɗano, abin da ya rage a baki bayan tofarwa, tsami, kauri, daidaito, da hukuncin mai tantancewa na gaba ɗaya, kowanne daga 6 zuwa 10, ana hawa da rubu'i-rubu'i. Sauran uku, wato zaƙi, tsabta, da kamanceceniyar kofuna, maki biyu ne ga kowane kofi cikin biyar. Ƙaramin aibi yana cin maki biyu a kowane kofin da ya bayyana, babba kuma huɗu. Gahawar da ta kai 80 cikin 100 ita ce ta shiga sahun na musamman. Sabon tsarin da SCA ta kawo ya raba abu biyu da tsohon ya cakuɗa: bayanin abin da ke cikin kofi daban, ra'ayin mai ɗanɗanawa a kansa daban. Ina ganin wannan gyara ne mai kyau, kuma ya kamata ɗalibi ya horar da kansa a kai tun daga ranar farko, domin ƙarfin tsami abu ne da ake aunawa, kyansa kuma hukunci ne, kuma mai son gahawar Habasha ba shi da ikon tauye ta Burazil don kawai ba ta yi kama da abin da yake so ba.

Ba a koyon wannan aiki a kaɗaice. Jarrabawa tana duba ko makinka yana tafiya da na sauran masu tantancewa, saboda haka a nemi mutum uku ko huɗu a riƙa zama tare, kowa ya yi shiru har a gama, kowa ya rubuta nasa, sannan a buɗe baki. Da zarar mutum ɗaya ya ce ya ji mangwaro, kowa zai ji mangwaro. Idan makinka kullum yana sama da na jama'a da maki biyu, ko ƙasa da shi, to ka gano inda ma'auninka ya karkata.

Atisayen da ya fi arha kuma ya fi amfani shi ne na kofi uku: biyu gahawa ɗaya ce, na ukun daban, kai kuma ka fitar da baƙon. A jarrabawa ana yin sa ne a ƙarƙashin jan fitila don kada launi ya taimaka, a gida kuwa ya isa wani ya jera maka kofunan ya yi alama a gindinsu. A fara da ƙasashe masu nisa da juna, kamar Habasha da Indonesiya, sannan a matso zuwa gonaki biyu na yanki ɗaya. Haka kuma a riƙa haɗa ruwan sukari, da na gishiri, da na tsami, kowanne a mataki uku na ƙarfi, a gauraya su, a gwada tantance su ido rufe, domin akwai irin wannan gwaji, kuma yana kayar da mutanen da suka shekara suna haɗa gahawa. Kada a manta da ɗanyar ƙwaya: ana baza giram 350 a tsince baƙa, da mai fumfuna, da wadda ƙwaro ya huda, da fasasshiya, a ƙirga su, kuma laimar ƙwaya mai kyau tana tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari.

Lokacin zama shi ma yana da tasiri. Hantsi ya fi, bayan an yi kalaci marar yaji kuma ciki ya ɗan sauka, sannan kada a wuce samfuri shida a zama ɗaya da farko, saboda harshe yana gajiya. Mai mura ya ɗaga zamansa. A watan azumi kuwa mu kan mayar da atisaye zuwa bayan asham, a bar tazarar sa'a biyu ko fiye daga buɗa-baki, domin bakin da ya gama da sambusa da kunun tsamiya ba zai iya rarrabe tsamin gahawar Sidama ta Habasha da na ta Kenya ba. Wanda ya sami takardar ma bai gama ba, domin ana sabunta ta ne bayan kowace shekara uku, kuma littafin nan mai shafi biyu shi zai ɗauko ranar da zai fara shirin komawa.