Yadda Na Ke Noman Ɗan Kabejin Beljiyam A Bayan Gida

Wannan ɗan kabejin da Turawa suka laƙaba wa sunan birnin Brussels na Beljiyam, sanyi yake so, don haka mu nan Bauchi sai da dabara. Ki yi renon iri a tsohon bokiti wajen Oktoba, bayan sati 5 ki dasa da tazarar taƙi uku, ki zuba takin awaki da ya ruɓe, don 'ya'yan su fito lokacin hunturu. In kika yi latti zafin Maris ya riske shi, wallahi sai dai ganye ya baje, ba ya dunƙulewa, ni ma na taɓa yin asarar nan.

Ban ruwa safe da yamma. Tsutsa kuwa tana son sa kamar me, ki riƙa ɗaga ganyen kina dubawa, ki fesa ruwan ganyen darbejiya. 'Ya'yan a jikin kara suke fitowa kamar ƙwan zabo, daga ƙasa ake fara tsinka.

Girkin ba wuya, ki raba biyu, ki soya a man gyaɗa da albasa da attaruhu har gefen ya yi ja, ki barbaɗa yajin ƙuli. Kar dai ki dafa shi ya yi lugub, warin sai ya kori maigida daga falo.