Yadda za ka yi wa tsuntsaye da ƙudan zuma wurin shan ruwa a lambu

Da farko ka samo kasko mai faɗi, mara zurfi. Na ƙasa ya fi, don na roba santsi gare shi, ƙafar tsuntsu ba ta kama shi.

Sai ka jera tsakuwa da 'yan duwatsu a ciki, ka zuba ruwa. Kada zurfinsa ya wuce santimita 5, kuma kawunan duwatsun su leƙo waje. Don Allah kada ka tsallake wannan. In ƙudan zuma bai samu wurin dafewa ba, fukafukansa za su jiƙe, da safe ka tarar da gawarsa na yawo a kan ruwa. Da dutse kuwa, za ka ga ya sauka a hankali, ya miƙa harshe yana tsotsa.

Ajiye kaskon a inuwa, kamar mita 3 daga shuke-shuke masu duhu, yadda kyanwa ba za ta yi wa tsuntsayen kwanton ɓauna ba.

Duk bayan kwana 2 ka zubar, ka goge da buroshi ba sabulu, ka zuba sabo. Sauro kan ɗauki kusan mako guda daga ƙwai zuwa tashi, to ka riga shi. Maganin ƙwari kuma, kada ka fesa shi kusa da wurin.