Yadda Dillalin Gidaje Zai Cire Kuɗin Ɗawainiyar Aiki Kafin Ya Biya Haraji

Dillalai da yawa suna ɗauka duk abin da ya shigo hannunsu shi ake yanka wa haraji, shi ya sa ko ƙofar ofishin haraji ba sa son bi. Ba haka abin yake ba. Riba ake yi wa haraji, wato la'adar da ka samu bayan an cire abin da ka kashe wajen nemanta. Sabuwar dokar harajin Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yarda da wannan cirewa, da sharaɗin kuɗin ya tafi ne kacokan a harkar sana'ar. Wannan bayani na dillalin da ke aiki da sunansa ne, wanda harajinsa ke zuwa hukumar jiharsa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Mai kamfani nasa lissafin daban ne.

Mataki na farko: raba kuɗinka da na mutane

Nan ne wuyar aikin take. Mai saye ya turo naira miliyan 20 ta fili zuwa asusunka, ka tura wa mai fili nasa, ka riƙe la'adarka. Gobe kuma ɗan haya ya turo kuɗin shekara, jibi ka biya kuɗin makarantar yara daga asusun nan dai. Ranar da jami'in haraji ya duba takardar bankin, miliyoyi zai gani, kai kuma ka shiga rantse-rantsen cewa ba naka ba ne.

Buɗe asusu na musamman don kuɗin amanar masu gidaje da masu saye, wani kuma don la'ada da kashe-kashen aiki. Kowace cinikayya ta zama tana da takardar yarjejeniya da ta faɗi kuɗin gida ko fili, ta kuma faɗi la'ada a layi daban. Ka tanadi lambar shaidar haraji, wadda yanzu ake haɗawa da NIN ɗinka.

Mataki na biyu: rubuta rabon la'ada

A dillanci da wuya mutum ɗaya ya cinye la'ada. Akwai wanda ya kawo mai saye, akwai wanda ya san mai gida, akwai yaron da ya riƙe makulli yana nuna wa mutane ɗakuna. Sau da yawa a bakin shago ake ƙirga wa kowa nasa a hannu, a yi musabaha a watse. Abin da ka ba su kuɗin aiki ne da za ka iya cirewa, kuma a ganina shi ne mafi tsoka a lissafin dillali, amma idan babu shaida to a idon hukuma kai ka cinye duka. Ka riƙa turawa ta banki, kana rubuta sunan cinikin a wurin bayani. In dole sai tsabar kuɗi, mutum ya sa hannu a littafinka: suna, kwanan wata, adadi, da gidan da aka yi ciniki a kai. Wani zai ce ai wannan rashin yarda ne. Ka ce masa don haraji ne, ba don shi ba.

Mataki na uku: tara rasit na sauran ɗawainiya

Hayar shago, wuta da man janareto, albashin yaron shago, allon "gidan haya" da ka buga, tallar Facebook, kuɗin mai ɗaukar hoton gida, kuɗin ƙungiyar sana'a, kuɗin lauya ko akanta a kan aikin, cajin banki: duk suna shiga. Cefane, anko, kuɗin makaranta da tarar da hukuma ta ci ka ba sa shiga.

Mota da waya su ne masu gardama, don da su kake kai abokin ciniki ganin fili, da su kuma kake kai iyali biki. Kason aiki kaɗai za ka cire. Ajiye ɗan littafi a mota kana rubuta inda ka je da dalili, don ka samu hujjar cewa kaso kaza na man na aiki ne. Kuɗin sayen motar kanta, ko kwamfuta da kujerun shago, ba a cire shi a lokaci guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru.

Wani sabon sharaɗi kuma: in abin da ka saya ya kamata a caji harajin VAT a kansa amma ba a caja ba, ana iya ƙin karɓar wannan kashewar. Nemi cikakken rasit.

Mataki na huɗu: cire rangwamen da ya shafe ka kai kanka

Bayan ka fitar da riba, doka ta ba ka rangwamen hayar gidan da kake zaune: kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Abin dariya, dillalin da ke rubuta wa mutane rasit na haya kullum shi ne bai da na gidan da yake ciki. Ana kuma cire abin da ka zuba a fansho, inshorar lafiya, inshorar rai da asusun gidaje na ƙasa.

Mataki na biyar: yi lissafi

Naira 800,000 ta farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18, daga nan 21, 23, har 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

A ce la'adarka ta shekara miliyan 6 ce. Ka ba abokan dillanci miliyan 1.2, sauran ɗawainiya ta ci miliyan 1.4, riba ta zama miliyan 3.4. Hayar gidanka 600,000 ce, sai a rage 120,000, saura 3,280,000. Harajinka: 330,000 a kan miliyan 2.2, da 50,400 a kan 280,000 da ta rage, jimla 380,400. Da ba ka da takardar komai aka lissafa a kan miliyan 6 ɗin, 870,000 za ka biya.

Mataki na shida: karɓi shaidar abin da aka riga aka cire maka

Idan kamfani ko ma'aikata ce ta biya ka la'ada, takan riƙe kashi 5 cikin 100 ta tura wa hukuma da sunanka. Wannan kafin alƙalami ne na harajinka. In an riƙe 50,000 daga la'adar miliyan 1, to 380,400 ɗin can ta koma 330,400. Amma sai ka bi su ka karɓi takardar shaidar turawa, ka tabbatar lambarka ce a jiki.

Mataki na bakwai: miƙa bayani kan lokaci

Wa'adi shi ne 31 ga Maris, a kan kuɗin shekarar da ta gabata. Jinkiri yana jawo tarar naira 100,000 a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa. Bayan ka miƙa, kada ka zubar da rasitan: doka ta ce a ajiye su aƙalla shekara 6. Na POS da na gidan mai rubutunsu kan goge cikin 'yan watanni, don haka ka ɗauki hotonsu da waya tun ranar da aka ba ka.