Yadda ake shan fura da nono a cikin birnin Zazzau

Ni dai ba na shan fura da yamma. Ka shiga birni tun da hantsi, ta Kofar Doka ko Kofar Kuyambana, lokacin da matan Fulani suka sauke ƙwarya, nonon bai sha rana ya yi tsami ba.

Kafin ka zauna, ka gaida mai nono. "Inna, sannu da hanya, a ɗan ɗanɗana mini." Ba za ta hana ba. Kindirmo na gaskiya yana manne wa ludayi, ka ga maiƙonsa a sama. In ya zube shar kamar ruwa, tsala ce, ko kuma an tsinka shi. Na taɓa yin garaje aka dama mini irin wannan, yini na yi ina tsaki.

Sai furar. Ka ɓare curi ɗaya ka shinshina. Ta gero mai kyau za ka ji citta da kanumfari, da ɗan barkono can ƙasa. Ka ce a dama a ƙwarya, kada a murje duka, a bar maka gaya. Sukari kaɗan. Ƙanƙara kuwa ban yarda da ita ba, kashe gardi take yi.

Ka nemi inuwa ka zauna, ba a sha a tsaye. In ka gama, ka taka zuwa fada ka ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, kafin barci ya kama ka.