Babi na Shida: Renon Ɗa Namiji da 'Ya Mace, da Yadda Yake Bin Su Har Cikin Aji

Malami ya fara karanta wannan babi da ƙarfi, sannan ɗalibai su karɓa, kowa sakin layi ɗaya.

Bambanci na halitta tsakanin ɗa namiji da 'ya mace akwai shi, ba mai musu. Idan aka tara yara da yawa aka auna, za a ga mata sukan ɗan riga maza fara magana, maza kuma sukan ɗan fi yawan guje-guje. Amma tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Yara maza biyu na iya bambanta da juna fiye da yadda maza da mata suka bambanta a jimlace. A 2005 wata malamar jami'a a Amurka, Janet Hyde, ta haɗa sakamakon ɗimbin bincike, ta nuna cewa a yawancin abubuwan da ake aunawa na tunani da fahimta, maza da mata kusan ɗaya suke.

To ina aka samo tazarar da muke gani idan sun girma? Kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. A waɗannan shekaru, abin da yake yawan yi shi yake ƙwarewa a kai. Manya kuwa su ke zaɓa masa abin da zai yawan yi.

Idon uwa da idon uba

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000, masu bincike a Amurka sun gayyaci iyaye mata da jariransu 'yan wata 11 masu rarrafe. Aka kawo wani katako mai gangara wanda ake iya ɗaga shi ko sauke shi, aka ce kowace uwa ta nuna iya gangarar da take ganin ɗanta ko 'yarta za su iya rarrafowa a kai. Masu 'ya'ya maza suka kai hasashensu sama da abin da yaran za su iya, masu 'ya'ya mata suka yi ƙasa da shi. Da aka saki jariran, sai ga shi babu bambanci tsakanin mazan da matan.

Cikin waɗannan iyaye babu wadda ta ƙi 'yarta. Ƙauna ce, tare da wani zato da uwar ba ta ma san tana da shi ba. Amma ku duba inda zaton ke kai mu. Yarinya ta fara hawa wani abu, sai a ce, "Sauko kar ki faɗi!" Yaro ya hau, sai a ce, "Ƙyale shi, namiji ne." Bayan shekara uku yana ta hawa ita ana ta sauke ta, dole ya fi ta iya hawa. Daga nan sai mu ce ai haka aka halicce su.

Shi ma namijin bai tsira ba. Idan ya faɗi ya yi kuka, abin da yake ji shi ne, "Yi shiru, namiji ba ya kuka." Ba a tambaye shi me ke damunsa ba, bai koyi cewa "na ji tsoro" ko "raina ya ɓaci" ba. Yaron da ba shi da bakin faɗin abin da ke ransa, hannu yake sawa. A aji sai a ce ya cika faɗa.

Yara sukan san cewa su maza ne ko mata tsakanin shekara 2 zuwa 3. Daga nan sai su zuba ido su ga me maza ke yi, me mata ke yi, su riƙe shi kamar doka. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna saurin abin. An ba yara labarin wani mutum mai tsananin basira, ba a faɗi ko namiji ne ko mace ba, aka ce su nuna shi cikin hotuna. 'Yan shekara 5, maza da mata, kowa ya fi nuna jinsinsa. Amma daga shekara 6 'yan mata sun fara rage nuna mace. Da aka kawo wasan da aka ce na yara masu tsananin basira ne, sai suka ja baya, alhali ba su ja baya ga wasan da aka ce na masu ƙoƙari ba ne. Shekara 6 fa, lokacin da yawancin yara ke shiga firamare.

Wasa da aikin gida

Wasa shi ne karatun ƙaramin yaro. Mai jera abubuwa yana gini, ko haɗa gutsattsarin hoto, yana koyon siffa da girma da awo, waɗanda lissafi zai nema daga gare shi nan gaba. Mai goya 'yar tsana yana yi mata magana yana koyon harshe da tausayi. Kowane yaro na bukatar duka biyun. Idan aka raba, kowa ya tafi makaranta da rabi.

Sai lokaci. A 2016 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ba da rahoto cewa a faɗin duniya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna ɓata lokaci a aikin gida fiye da maza tsararsu da kashi 40 cikin 100. Aiki ba laifi ba ne, yana koya wa yaro riƙon amana. Laifin yana wajen rabo. Sa'ar da ita ke shara da wanke-wanke da rainon ƙani, shi yana wasa ko yana duba littafinsa. Shi kuma ya girma bai iya kula da kansa ba, wanda a ganina wannan ba gata ba ne.

A cikin aji

A wani bincike da aka wallafa a 2010, masu bincike a Jami'ar Shikago sun bi malamai mata na aji ɗaya da aji biyu tsawon shekarar karatu. Inda malama ke fargabar lissafi, a ƙarshen shekara 'yan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, kuma waɗanda suka yarda da haka makinsu ya yi ƙasa. Mazan ajin abin bai taɓa su ba. Don haka uwa ta kiyayi cewa, "Ni ma ban taɓa iya lissafi ba," a gaban 'yarta. Ku da kuka dawo aji da girmanku, ku bar yara su gan ku da littafi da fensir a hannu.

Matsalar maza kuwa iya karanta rubutu ce. A jarrabawar PISA ta 2018, wata jarrabawar ƙasa da ƙasa wadda 'yan shekara 15 suka zauna a ƙasashe da yankuna 79, mata sun fi maza iya karanta rubutu a ko'ina. Ƙaramin yaron da ya kasa zama wuri ɗaya ba daƙiƙi ba ne. A bar shi ya motsa, sannan a jawo shi a ba shi labari, a tambaye shi, a saurari amsarsa. Zai fi kyau uba ma ya riƙa yi, don yaron ya ga namiji da littafi.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya faru da aka saki jariran a kan katakon?
2. Wace magana kuka saba faɗa wa ɗa namiji wadda ba ku faɗa wa 'ya mace? Wace ce kuke faɗa mata ita kaɗai?

Aikin gida

Ku raba shafi gida biyu, ku rubuta "namiji" a gefe ɗaya, "mace" a ɗaya gefen. Daga safe zuwa dare, duk aikin da aka sa yaro ko yarinya, da duk lokacin da aka ce "bari" ko "sauko", ku ja layi ɗaya a gefen da ya dace. Wanda ba shi da yara a gida ya lura da na maƙwabta. Ku ƙirga layukan, ku rubuta adadin a ƙasan kowane gefe, ku zo da shafin darasi na gaba.