Darasi na 9: Saƙar Jakar Leda

Mu karanta

Idan iskar hunturu ta taso a Damagaram, ku ɗaga kai ku dubi itatuwan ƙaya na bakin hanya. Kowace aduwa ta sha ado da baƙar leda. Leda na cikin kwata, tana kan juji, tana cikin tumbin akuya. Ku tambayi mahauta abin da suke fiddawa daga cikin dabba bayan yanka. Akuya ta ci leda, leda ba ta narkewa, ciki ya cushe, sai ta yi ta ramewa alhali kullum tana kiwo.

A shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta yi dokar hana yin wannan leda mai shara-shara, da shigo da ita, da sayar da ita. Dokar tana nan a takarda. Amma ko yau kika sayi tumatir na dala ashirin a Kasuwar Dole, a leda za a ƙulla miki shi. Tun da ta ƙi barin mu, sai mu sa ta aiki.

Mayar da abin da aka yar ya zama abin amfani ba baƙon abu ba ne a garin nan. Gugan da muke jan ruwa da shi, robar cikin taya ce. Takalmin makiyayi, tsohuwar tayar mota ce. Fitilar aci-balbal gwangwani ce, murhun shayi kuwa waya ce aka lanƙwasa. Ku tsaya wajen maƙeran zubi wata rana ku ga aiki. Suna tara gwangwanayen lemo da fasassun tukwane, su narka su a kan gawayi. Sanholo, wato ƙarfen da aka yi su da shi, yana narkewa idan zafi ya kai digiri 660. Sai su danna tukunya mai kyau cikin ƙasa mai danshi, su zare ta a hankali, siffarta ta zauna a ƙasar. Su tsiyaya narkakken ƙarfe a gurbin. Kafin ka gama gaisawa da mai wurin, an fasa ƙasa, ga sabuwar tukunya tana hayaƙi.

A wasu ƙasashe ma haka ne, har akwai waɗanda suka yi suna da wannan aiki. A garin Njau na ƙasar Gambiya, wata mata mai suna Isatou Ceesay ta ga leda tana kashe musu awaki. A 1997 ta haɗa kai da wasu mata huɗu, suka fara wanke leda suna saƙa ƙananan jakunkuna da ita suna sayarwa. Akwai kuma El Anatsui, mutumin Gana, an haife shi a 1944, ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya. Shi murafun kwalabe yake tarawa. A buga su su baje, a huda, a ɗaure su da jar waya ɗaya bayan ɗaya, har su zama kamar ƙaton zane mai ƙyalli da zai rufe bangon gidan bene. A 2015 an ba shi babbar lambar yabo a birnin Venis na Italiya. Wani kuma a Benin, Romuald Hazoumè, tsofaffin jarkokin mai yake sarrafawa, irin waɗannan dai da muke gani kullum a bayan babur.

Ba a kawo labarinsu don a ce gobe za ki kai jakarki Italiya ba. Abin lura shi ne, kayan da suke aiki da su kowa yana tsallake su a hanya. Mai saye ba leda yake biya ba. Tsabta yake biya, da kyan hannu, da idon da ya san launin da zai zauna kusa da ɗan'uwansa.

Tara leda da wanke ta

A fara da ta gida: ta cefane, ta burodi, ta shago. A faɗa wa maƙwabta su riƙa ajiyewa. Wadda ta fi kyau ita ce mai ɗan kauri da ba ta sha rana ba. Ledar da ta daɗe a rana takan yi fari-fari, ana jan ta sai ta kece. Wannan a bar ta.

Akwai wadda ba a taɓawa ko kyauta aka ba ki. Duk abin da ya fito daga jujin likita, da ledar da aka zuba maganin ƙwari ko gubar ɓera, da wadda jini ya taɓa. Kada a aiki yara juji ƙafa ba takalmi, akwai fasassun kwalabe da allurai. Wanda gwangwani mai tsatsa ya yanka, a wanke wurin da sabulu a kai shi likita ranar nan, kada a jira.

Sai wanki. Kowa ya san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, saboda haka ba a ce a sayi jarka don leda ba. Ruwan ɗaurayar tufafi ya isa. A juya cikin ledar waje, a cuɗa da sabulu, a shanya a inuwa, a matse da abin shanya ko a ɗora dutse, in ba haka ba iska ta mayar da ita inda ta fito. Ni jakata ta fari ban wanke da kyau ba, ina sauri. Ashe akwai ledar busasshen kifi a ciki. Jaka ta yi kyau, na rataya na tafi suna. Ban daɗe da zama ba matar da ke kusa da ni ta fara waige-waige tana tambaya ko kyanwa ta shigo da wani abu. Kwana huɗu na aiki, a juji suka ƙare.

Yin zare

Nan ne aikin yake, a yi haƙuri da shi.

A shimfiɗa leda a kan tabarma, a lallatse ta da tafin hannu. A ninka ta a tsaye, sannan a sake ninkawa. Da almakashi a yanke hannuwan, a yanke gindin inda aka liƙe. Abin da ya rage sai a yanka shi a kwance, kowane yanki faɗin yatsu biyu. Idan aka warware yanki ɗaya, za a ga ya zama zobe.

Yanzu a ɗauki zobba biyu. A zura na biyu cikin na farko, a lanƙwaso shi ya bi ta cikin kansa, a ja a hankali. Sun sarƙe ke nan, ba allura ba ƙulli. A ci gaba da haka, zobe bayan zobe, ana naɗewa ana yin dunƙule. Kowane launi da dunƙulensa.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a aji. Na ɗaya, yanka siriri don leda ta yi auki. Zaren zai tsinke ranar da aka zuba albasa a jakar. Na biyu, jan mahaɗin da ƙarfi. Leda tana miƙewa, wurin ya yi rauni. Idan ledar mai shara-shara ce sosai, a ƙara faɗi ya kai yatsu uku.

Hannuwa da gindin da aka yanke kada a zubar, kada kuma a hura wuta da su. Hayaƙin leda yana cutar da ƙirji, balle ga yaro da ke goye. A tara su a cusa matashin zama.

Saƙa

Wadda ta iya saƙar hula da kwarashi ta riga ta iya wannan, kwarashin ne kawai zai zama mai kauri. A fara da gindin jaka: sarƙa mai tsawon taki ɗaya, a yi ta zagaya ta har gindi ya yi faɗin tafin hannu. Daga nan a daina ƙari, a ci gaba da zagaye, jiki zai tashi da kansa. Hannun jaka a ninka zarensa biyu, don shi ke ɗaukar nauyi. In kwarashi yana kamewa, a goga masa ɗan sabulu busasshe.

Ranar da muka fara wannan a aji, wata dattijuwa ta ajiye kwarashi ta ce, "Malama, ni fa idona ba ya ganin wannan rami."

Na ce, "Inna, ai ke gwanar faifai ce. Ki kawo kabarki, ki naɗe ta da zaren leda maimakon rini."

Ta ce, "To, in haka ne ki ba ni ja da fari. Baƙar nan ki ba yara."

Mako ya zagayo ta zo da faifai mai tauraro a tsakiya. Shi aka fara saye.

Inna ta yi gaskiya a kan launi. Baƙar leda ita ta fi yawa, amma jaka baƙa ƙirin ba ta jan ido. A sa baƙi ya zama ƙasa, a ratsa shi da fari ko shuɗi ko rawaya. Launi uku sun isa, na huɗu hayaniya ne. Wadda ta rasa zanen da za ta yi, ta zaga Birni ko Zango ta dubi fuskar tsofaffin gidaje. Ga dagi, ga zanen da magina suka bari a kan zaure. Ta kuma leƙa wajen dukawa ta ga yadda suke jera ja da kore a kan fata.

Mu yi lissafi

Leda kyauta ce, amma jaka ba kyauta take fita ba. Ku tuna, dala 1 sefa 5 ce, dala 200 jika 1 ce. Kuɗin da ke nan misali ne, kowa ta sa na kasuwar yau.

An sayi zif dala 30, ƙyallen shafi dala 40, sabulu dala 10. Nawa aka kashe a dala? Nawa ne a sefa?

An sayar da jakar dala 300. Idan aka cire abin da aka kashe, nawa ya rage?

Aikin ya ɗauki yammaci 4. A raba abin da ya rage gida 4. Nawa ne ladan yammaci ɗaya? Ku kwatanta da abin da mai ƙosai ko mai kitso take samu, sannan ku faɗa ko dala 300 ta yi kuɗin jakar ko a ƙara.

Mu rubuta

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ku lura da haruffa masu ƙugiya: saƙa, ƙulli, dunƙule, faɗi, naɗe, ɓera. Sannan kowa ta rubuta jimla biyu a kan wani abu na gidanta da aka yi da abin da aka yar.

Mako mai zuwa kowa ta zo da leda 20 wankakku, busassu, an ware su launi-launi, da almakashi in akwai. Wadda ba ta da kwarashi ta faɗa tun yau, a yi mata magana da maƙeri ya lanƙwasa mata waya.